Yaya Rakiya da Katun ɗin Japan

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rakiya, Allah Ya jiƙanta da rahama. Hotunanta sun cika wayoyinmu: na biki, na Sallah, har da wanda take hararar mai ɗauka. Muryarta ce ba mu da ita, ko ta daƙiƙa guda. Ga mace da duk Hausawan Manchester suka sani da murya, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. A 'yan shekarun nan kuwa na fara jin tsoro, don in na rufe ido ina neman muryar, ba kullum take zuwa ba.

Abin ya samo asali ne daga 'yarta Ilham. A unguwar Whalley Range ta Manchester aka haife ta, kuma tun tana ƙarama in an yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci. Ba ta da aiki sai kallon katun ɗin Japan, masu manyan idanun nan da gashi kamar an ja su da lantarki. Yaya ta yi faɗan, ta yi lallashin, a banza. Rannan sai ta ɗauki rimot ta kashe sautin, ta zauna gefen yarinyar, ta shiga yi wa mutanen katun ɗin magana da Hausa. Jarumi mai takobi ta ba shi murya mai kauri da jan kalma. Tsohuwar mayya kuwa kakarmu ce sak, har da tsakin. Ilham ta yi dariya har da faɗuwa daga kujera, sannan ta fara tambayar ma'anar abin da aka ce.

Kafin a jima ƙawayenta sun ji labari. Falo ya yi kaɗan, aka samu ɗaki a laburaren unguwa duk Asabar. 'Yan'uwanmu Hausawan Ghana na Gorton suka riƙa kawo nasu, ni ma nakan kwaso nawa daga Lozells mu hau bas tun daga Birmingham. Yaya ba ta jin Japananci ko kalma ɗaya, kuma ba ta damu da ainihin labarin ba. Dodanni a wurinta rigimar gado suke yi.

Ilham ce, da ta girma kaɗan, ta kawo mata labarin matan Japan masu yi wa katun ɗin magana, waɗanda take danne wa murya. "Mum, a Japan fa proper job ne wannan. Suna da fans kamar mawaƙa." Yaya ta ji daɗi, har ta ce ashe tana da abokan sana'a. Sai yarinyar ta ci gaba: ana sa su waƙa da ɗaukar hoto ko ba su so, 'yan jarida sun fi tambayar shekarunsu a kan aikinsu, wasu kan ɓoye aurensu don kada masoya su juya musu baya, wata ma in asirin soyayyarta ya tonu sai ta fito ta ba da haƙuri. Yaya ta riƙe haɓa. "Haƙuri? Don ta samu miji? Mu a gida a ce mace ta rage murya, su can a ce ta ɗaga, amma ta haɗo da fuska da shekaru. Ko'ina dai ba a bar mace da abinta ba." Daga ranar, in za ta kashe sauti sai ta ce wa talabijin, "Yi haƙuri 'yar'uwa, aro na yi."

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo. Council, wato hukumar gari, ta rage wa laburaren kwanakin aiki, daga baya aka rufe ɗakin ɗungurungum. A tsakanin nan wani ƙaramin kamfani a Birmingham mai juya katun zuwa harsunan Afirka ya neme ta, ni na raka ta. Ta yi musu gwaji har mai na'urar naɗar murya ya cire abin kunnensa yana dariya. Amma da aka zo zancen aiki, shugaban ya tambayi shekarunta, ya ce babbar rawar sai yarinya da za a iya sa hotonta a talla. Yarinyar Hausarta ba ta nuna ba, don haka Yaya za ta riƙa faɗa ana naɗa, ita tana kwaikwayo. Yaya ta gyara mayafi, ta ce a goge gwajin a gabanta. Aka goge.

Tun daga nan ba ta sake yarda an naɗi muryarta ba. Ko saƙon murya ba ta aikawa, sai dai ta kira ka. Na ce mata wannan ai fushin kaza ne, huce kan dami, mu me muka yi? Ta ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ta mayar da yaran falonta, suna zama har bakin ƙofa, ba ta daina ba sai da ciwo ya kwantar da ita.

Yau Ilham tana gaya mini matan Japan ɗin kukansu ya ƙaru, don an yi na'urar da ke kwafar muryar mutum ta faɗi abin da bai faɗa ba, ba tare da an nemi izininsa ba. Na san abin da Yaya za ta ce: "Ban gaya miki ba?" Gaskiyarta. Amma ni ƙanwarta ce, ba alƙali ba, kuma har gobe ina jin haushin taurin kanta. Ta tsare muryarta daga masu cin riba, mu ma ta tafi ta bar mu hannu rabbana.

Haka na ɗauka, har watan jiya da na raka wata dattijuwar maƙwabciyata kantin magani a nan Lozells. Mai ba da maganin saurayi ne dogo mai gemu, Turancinsa na Manchester zalla. Da ya ga tsohuwar ta rikice da bayanin, sai ya sunkuyo ya juya harshe: "Kwantar da hankalinki, Baaba. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Ina nan, ba abin da zai same ki." Muryar ta yi kauri, kalmomin suna jan ƙafa, ƙarshen ya ɗaga daidai inda Yaya take ɗagawa. Muryar jarumin nan mai takobi ce sak. Na tambaye shi inda ya koyi Hausa.

"A falon Anti Rakiya," ya ce. "Sorry, Anti, na san tana fitowa funny. Ban iya ta wata hanya ba."

Bayanin maganin na ji shi sarai. Na ce masa ban ji ba, ya maimaita.