Tambayar da na kasa yi wa Baba

Lokacin da abin nan ya faru ina koyar da ilmin halittu a wata sakandaren 'yan mata a unguwar Kongo, ina zaune da maigidana da yara a Tudun Wada, ba nisa da gidanmu. Ni ake kawo wa takardar asibiti a dangi in karanta, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin yana fasa mini kai. Ni ce kuma 'yar fari a wurin Baba. Kun san yadda hakan yake a wurinmu. Tun da na buɗe ido bai taɓa kiran sunana ba, hirarmu ba ta wuce ina kwana da ya yara. Inna ta daɗe da rasuwa, ƙannena maza aiki ya kai su nesa, sai kula da shi ya faɗo a kaina.

Da kasala ciwon ya fara. Mutumin da bai san gajiya ba ya koma kafin ya isa masallacin layinmu sai ya dafa bango yana haki, tafin hannunsa ya yi fari fat. Na lallaɓa shi muka je asibiti aka ɗebi jini. Likitar, wadda ba ta kai ni shekaru ba, ta tambaye shi a gabana ko yana ganin jini in ya zaga bayi. Ya sunkuyar da kai ya ce lafiya lau. Da sakamako ya fito ta ja ni gefe ta yi mini bayani. Gwajin yawan jini ya ɗan sauka ƙasa da layin da ake so. Gwaji na biyu, wanda suke kira feritin, shi ke nuna ajiyar sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi, kuma tasa ajiyar ta kusa ƙarewa. Ta ce da mace ce mai al'ada ko mai ciki, da an san inda jinin ke tafiya, amma dattijo namiji sai an nemo inda yake zuba, kuma sau da yawa a hanji ne. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce in sake tambayarsa a gida cikin natsuwa, in kuma dawo da shi a leƙa hanjin da na'ura ta dubura.

Wallahi har muka sauka daga Keke Napep ina juya maganar a baki. Ta yaya zan dubi wannan bawan Allah in tambaye shi kalar bayan gidansa, balle in faɗa masa ta inda za a sa na'ura? Sai na faɗa masa rabi, na ce jininsa ne ya yi ƙasa. Na duƙufa da ƙwayoyi da hanta da zogale da alayyafo. Bayan 'yan watanni na kai shi wani ɗakin gwaji, na karɓi takardar na karanta da kaina, na ga lambobin sun haye layi. Na yi murna har na buga wa ƙannena waya ina yi musu tsiya cewa ga amfanin boko. Ban koma wurin likitar ba, na shawo kan kaina cewa wanda lambarsa ta cika ba shi da sauran magana da asibiti. Da muka daina ƙwayoyin kasalar ta dawo, na sake sayo wasu. Haka na yi ta ɗura ruwa a tulu mai huji, ina duba bakinsa ina cewa ya cika.

Wata rana bayan azahar maƙwabta suka ɗauko shi daga ƙofar masallaci, ya yanke jiki ya faɗi. A wannan karon ba wanda ya nemi shawarata. Aka kai shi asibiti, aka leƙa hanjin aka sami ciwon daji, ya riga ya kai hanta. Babban likitan bai yi mini faɗa ba, ya dai tambaye ni yaushe aka fara ganin ƙarfen ya yi ƙasa. Da na faɗa masa, ya rubuta a katin Baba, kuma rubutun nan ya fi mini zagi ciwo.

A gadon asibiti Baba ya faɗa wa wani ƙanena da ya zo jinya, ba ni ba, cewa ya daɗe yana ganin jini, ya ɗauka basir ne. Ya ce ran da likitar ta tambaye shi kunyar idona ce ta hana shi faɗa, da na fita daga ɗakin da ya faɗi gaskiya. Bai ga azumin shekarar ba. Allah Ya jiƙansa.

Na san kwana in ya ƙare babu makawa, amma wannan bai wanke ni ba, kuma har yau ina jin haushin kaina. Na san ma'anar kowace lamba a takardar nan, sai dai lambar tana faɗin nawa ya rage ne kawai, ba ta faɗin inda sauran ya tafi. Don Allah, in gwaji ya nuna ƙarfen jinin dattijonku ya yi ƙasa, kada ku tsaya ga ƙwaya da ganye, ku koma a nemo dalili ko da lambar ta hau. In kunya ta ɗaure muku baki, ku nemo ƙaninsa ko amininsa ya tambaye shi, ko ku fita ku bar shi da likita. Ni ban fita ba, ban kuma tambaya ba, na zauna ina yi masa ladabi har aka kai shi makwancinsa.