Malam Sirajuddeen Alu da Ɗakin Hoton da Ya Ƙi Shiga

Haihuwa da Karatu

A daminar shekarar 1961 aka haifi Sirajuddeen a Rawayau ta ƙasar Kurfi, mahaifinsa Malam Alu manomi, mahaifiyarsa Dada. Ya yi karatun allo wajen kawunsa, ya yi firamare a Kurfi da sakandare a Dutsin-Ma, sannan ya tafi Zariya ya koyi ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji. Tun yana ɗalibi malamansa sun shaide shi da ƙwazo, da kuma wani hali: in aka yabi wani a gabansa sai abinci ya fita ransa.

Aiki da Iyali

Ya kama aiki a wani asibiti a Dutsin-Ma a 1985, ya auri Larai 'yar Wurma a 1988. Shekaru masu yawa shi kaɗai ke juya na'urar hoto, shi ke wanke fim a ɗakin duhu, har mutanen ƙauyuka suka laƙaba masa Likitan Hoto, bai kuwa taɓa gyara musu ba. A 2009 aka turo masa mataimaki, Munzali, mai sanyin hali da saurin fahimta. Da marasa lafiya suka fara tambayar Munzali da suna, sai gaisuwar safe ta gajarta tsakaninsu.

Gyaran Ɗakin Hoto

A 2017 aka tashi sabunta ɗakin: a fasa bango, a shimfiɗa sabuwar dalma mai tare hasken na'ura, a girka na'urar zamani mai aiki da kwamfuta. Karaya kuwa ba ta jiran magina, don haka aka kwashe tsohuwar na'ura zuwa wani sito, aka yanke shawarar ɗaya ya tsaya yana duba jama'a, ɗaya ya tafi Kano kwas ɗin sabuwar. Babban likita ya ba Malam Sirajuddeen zaɓi saboda girmansa. Da ya tuna cewa wanda ya tsaya shi gari zai yi ta sa wa albarka, sai ya ce, “Ranka ya daɗe, ba ni barin na'urata ga yaron da na koya ma riƙon fim. Shi ya tafi.”

Gaskiya dai ya riƙe amana. Tsawon damina da kaka yana cikin sito, ƙurar siminti na shigowa, guduma na amo a bayansa, bai mayar da mai karaya ko ɗaya Katsina ba. Amma da aka buɗe sabon ɗaki a 2018, Munzali kaɗai ne ya san inda ake latsawa, shi aka damƙa wa shugabanci. Hassada ga mai rabo taki ce. Munzali ya zo har gida ya durƙusa, ya ce, “Baba, zo in nuna maka, ba wuya gare ta.” Wannan ladabi ya fi zagi yi masa ciwo. Ya nemi a mayar da shi ofishin kati, a can ya yi ritaya a 2020.

Jinya da Rasuwa

A farkon 2023 tari ya kama shi, likita ya ce sai an ga hoton ƙirji. Hajiya Larai ta yi lallashi, 'ya'ya sun yi kuka, ya ce a bari sai ya ji ƙarfin zuwa Katsina, alhali sabon ɗakin hoton na nan dab da gidansa. Ƙarfin bai zo ba. Allah Ya karɓi ransa ranar Talata cikin watan Rajab na shekarar, aka yi jana'izarsa a Rawayau bayan Azahar, Munzali na cikin waɗanda suka ɗauki makara. Allah Ya gafarta masa.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: Sa'idu, Abdullatif, Aisha Humaira, da Nana Hadiza, wadda yanzu take ɗaukar hoto a sabon ɗakin, ƙarƙashin Malam Munzali.