Ƙafar Wando a Kan Rufin Tela

Shekara ashirin da shida Tela ya yi a shago ɗaya, a bayan keke ɗaya, yana yi wa mutane alkawari ɗaya: "Gobe da yamma." Akwai wadda ta kawo ɗinkin rigar jariri, ta karɓa yaron yana aji uku. Duk da haka mutum ne mai mutunci, ba a taɓa zaginsa yana wurin ba.

Shagonsa yana kallon katangar kamfanin ƙanƙara. A ciki akwai tankin gas ɗin da ke daskarar da ruwa, wanda in ya tsiyaya yake shaƙe maƙogwaro, ya sa ƙato kuka ba a yi masa mutuwa ba. Wata rana jami'ar agajin gaggawa ta tara unguwa a ajin makaranta, ta kafa kwamitin ko-ta-kwana. Mai kemis ya zama shugaba saboda yana da farar riga. Direban bas aka ba shi kwashe tsofaffi. Mai walda zai buga tsohon ƙarfen taya in abu ya faru. Wurin taruwa biyu ne: filin makaranta a gabas, tashar mota a yamma.

"Wanda za a je, iska ce za ta faɗa," in ji jami'ar. "Inda ta nufa, can gas yake nufa, ku kuma ku yi ɗaya wajen. Muna son mai duba iska. Mutumin da ba ya zuwa ko'ina."

Ajin gaba ɗaya ya juya ya kalli Tela.

Ta nuna masa hoton wani dogon ƙyalle a kan sanda, wanda ke nuna inda iska take kaɗawa. Ya ce ai wannan ƙafar wando ce. Ya koma shago ya yanke ƙafar wani jan wando da mai shi ya gaji da zuwa, ya sa waya a bakin, ya kafa a kan rufinsa.

Unguwa ba ta iya ɗaukar dogon suna. Mai duba iska ya koma mai iska, kafin sati ya zagayo ya zama Ɗan Iska.

"Ina kwana, Ɗan Iska? Yau ina ta nufa?"

"Arewa, a hankali," sai ya amsa, ko ɗaga kai ba ya yi.

Matarsa ce abin ya tsaya wa a wuya.

"Baban yara, jiya a famfo wata ta tambaye ni ko ni ce matar wane. Ban iya maimaita sunan ba."

"Aikin al'umma ne."

"Al'umma ta rataye nata wandon. Ka sauke shi."

"Gobe da yamma."

Wata goma sha ɗaya ana gobe da yamma. Ranar wata Talata da hantsi ta ari tsani, ta hau da kanta. Hannunta ya kai ga sandar ke nan sai ƙarfen mai walda ya fara ihu, wari mai yanka hanci ya tsallako katanga.

Sau biyu aka taɓa yin atisaye, kuma duka filin makaranta aka je, don can ne ake da inuwa. Saboda haka ƙafafun unguwa suka nufi gabas ba tare da sun shawarci kai ba. Daga saman tsani matar ta ga mutane suna tuɗaɗa makaranta, ta ga ƙafar wando ta miƙe sambal tana nuna musu hanya.

"Baban yara! Gabas take yi!"

Tela ya fito da tef ɗin awo a wuya, ya tsoma tarin ƙyallaye a bokitin ruwa, ya tsaya tsakiyar layi yana cusa wa mutane su rufe hanci.

"Tasha! Ku koma tasha!"

"Malam, takardar kwamiti ta ce makaranta!" in ji mai kemis, yana gudu da takalmi ɗaya.

"Takarda ta ce iska!"

Ba wanda ya saurare shi. Wa zai tsaya jin tela? Sai matar ta cika ƙirji daga kan tsani, ta saki muryar da take kiran yara da ita:

"Ɗan Iska ya ce tasha!"

Sunan ya bi layi kamar an sa masa taya. Unguwa ta yi kwana. Har bas ɗin tsofaffi ya koma da baya-baya.

Awa uku 'yan kwana-kwana suka yi kafin su toshe tankin. Washegari ganyen bishiyoyin makaranta duk ya yi rawaya, ta ɓangaren kamfani. A cikin mutane kuwa, takalmin mai kemis kaɗai aka rasa.

A taron unguwa jami'ar ta tambaya wa ya juya jama'a. Murya ɗari huɗu ta amsa da suna ɗaya. Ta rubuta shi a rahoto da manyan baƙaƙe.

Da Tela ya dawo gida ya ɗaga kai, rufi ba komai. Ya shiga ciki. Ya tarar da ƙafar wandon a kan keke, matar tana tsaye a kanta.

"Ya koɗe, daga nesa ba a gani. Ka ɗinka sabo, mai haske."

"Gobe da yam..."

"Yau."

Shi ne ɗinki na farko da ya gama a ranar da aka kawo shi.