Idan Auta Ta Cire Hannu

Autarmu ta zo duniya da leɓɓa shuɗi-shuɗi, kamar ta lashi shuni. In ta kama nono, kafin ta ƙoshi gumi ya jiƙa mata goshi, ta saki tana haki. Zamanin Turawa ne, akwai wani likita Bature da kan zo asibitin Potiskum. Da aka kai ta wurinsa, ya daɗe yana sauraron ƙirjinta, sannan tafinta ya gaya wa Baba cewa da 'yar ƙofa a zuciya aka haife ta, kuma babu magani. Abin da ya rage shi ne ci: kaɗan-kaɗan, a kai a kai, mai maiƙo. In ta yi jiki za ta jure, in ta ci gaba da ramewa sai addu'a.

Bayan yaye aka shiga rigima. A gidanmu yara kwano ɗaya suke ci, kuma ni da ƙannena maza biyu ba ma wasa da tuwo. Auta takan yi loma kaɗan ta tsuguna tana mayar da numfashi, kafin ta dawo mun suɗe kwano. Inna ta ware mata nata akushi, har da man shanu. Yarinyar nan ta juya masa baya. A ganinta wanda ya yi laifi ake ba abinci shi kaɗai. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, wuyanta sai ƙara tsawo yake. Na tsorata ƙwarai.

Kakarmu ta zo daga Fika ganin jika. Ta zauna ta kalli cinmu, ta ce da Hausarta ta Bolawa, "Ku mutane ne ko fara? Daga yau, in ta cire hannu kowa ya cire. In ta sa, ku sa."

Haka doka ta kafu. Auta ta huta, mu ɗaga hannuwa sama, miya na gangarowa gwiwar hannu, tuwo na hucewa muna kallo. Ni da nake babba na fi kowa ƙunƙuni. Ita kuwa da ta gane mulki ya dawo hannunta, sai ta riƙa kai hannu bakin kwano ta fasa, mu zabura, ta ƙyalƙyale da dariya.

Amma mun ci riba. Tunda ba ta cin komai ita kaɗai, duk abin da aka yi mata da mu ake ci. Da hantsi kunun gyaɗa, da rana fura da kindirmon da Baba kan karɓo wajen Fulanin da yake wa dillanci a kara, kasuwar shanu, da la'asar ɗan wake ya sha mai. 'Ya'yan maƙwabta suka fara zuwa gaishe ta, kowa da hannunsa a wanke. Inna takan ce, "Ikon Allah, mai ciwo ɗaya, masu jinya sun fi ta kumatu."

A hankali ita ma kumatun suka fito. Hakin bai tafi ba, amma ta soma biyo ni har bakin rijiya.

Wata ranar kasuwa Baba ya kawo nama. A al'ada sai an gama cin tuwo babba ke raba wa yara, kuma wanda ya riga ya taɓa zai sha dundu. Muna tsakiyar ci Auta ta miƙa hannu ta sure tsokar da ta fi girma, ta tura a baki. Muka juya muna kallon Inna.

Inna ta ja bakin zane ta goge ido. Ta ce, "Me kuke kallo? Yunwa take ji." Ta dube ni ta ce, "Tashi ki ɗebo mata wani."