Ranar da Aka Zo Duba Gidanmu

A unguwarmu ta Ruwais a birnin Jidda, can wajen bakin teku inda iska ke zuwa da ƙarnin kifi, muna da wasu kaya da ba sa kwana biyu a gida ɗaya. Babbar darduma ja ta wata Hajiya ce mai sayar da turare. Fankar tebur ta mai shagon bakin layi ce, matasan jingina na wata gwaggo ne cikin Hausawan Sudan, sai rediyo da butar shayi mai ruwan azurfa da 'yan kofunanta. Duk gidan da ya yi baƙo, can kayan nan za su taru. Mun fi fito da su lokacin Hajji, sa'ad da dangi ke sauka daga jirgi suna cigiyar ɗan'uwansu da ya baro ƙasar Hausa tun yana saurayi. Ba mai son a koma gida a ce an tarar da shi a kan tabarma. Na san wani alhaji da ya ziyarci gida uku a layinmu rana ɗaya, ya zauna a kan darduma guda sau uku, don ta katangar baya ake miƙa ta kafin ya gama sallama a ƙofar gaba. Ya tafi yana cewa mutanen Jidda duk a shago ɗaya suke sayayya.

Ina yaro abin dariya yake ba ni, har da ni ake ɗaukar matasai. Da na girma, al'adar nan ce ta raba ni da ɗaki a jami'a.

Baba da ƙafa ya zo ƙasar nan. Ya baro ƙauyensu a ƙasar Kano, ya yi shekaru yana ƙwadago a gonakin auduga a Sudan, ya ƙetaro teku, ya sauke farali, bai koma ba. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa har bayansa ya ƙi, sannan ya kafa tukubar tsire a bakin titi. Gidanmu ɗaki ɗaya ne na bulo da sandaƙa, wato rumfar kwano da katako, a gefensa. Baba da Inna da ƙananan yara suna ɗakin, mu manyan maza muna sandaƙa, jere kamar kifi a faranti. Babu lantarki. Idan na kunna fitila zan yi karatu, sai wani ya juya ya ce tana damunsa, wani ya kai mata ƙafa.

A cikin shekarun saba'in ne na shiga jami'ar garin, tana sabuwa. Ni ne na farko a layinmu, har mata suka yi guɗa. Amma jami'ar tana can wancan gefen gari, sai na hau mota biyu, in dawo la'asar sakaliya in tarar Baba yana jira in taya shi yankan nama. Littafi kuwa sai a cikin mota, a tsaye. Sakamakon jarrabawar zangon farko ya fito, na faɗi darussa biyu, aka ba ni gargaɗi: in na sake, an sallame ni.

Wani abokin karatuna ne ya gaya mini akwai asusun taimakon ɗalibai. Suna kama gidaje kusa da jami'a, su biya wa ɗalibi hayar gado da tebur, in dai gidansu ba ya zaunuwa don karatu. Na je na ga ɗaya daga cikin gidajen. Ɗaki ne fari, gadaje uku, taga, da ƙwan lantarki yana lilo a tsakiya. Gado ɗaya babu kowa. Na tsaya ina kallonsa kamar an nuna mini Aljanna ta kafar ƙofa.

Jami'in asusun wani ustaz ne matashi mai tabarau, mai magana a hankali. Ya saurare ni tsaf, ya ce sharaɗinsu ɗaya ne: zai zo gidanmu ya gani da idonsa, ya kuma ji daga bakin mai gida. Ya sa ranar Alhamis bayan la'asar.

Ba yadda za a yi namiji ya shigo gida ban sanar da Inna ba. Na same ta tana dakan ƙuli na tsiren Baba.

Na ce, "Inna, ranar Alhamis wani ustaz zai zo daga jami'a. Ba baƙo ba ne. Zuwa zai yi ya ga yadda muke. Don Allah a bar gidan yadda yake."

Ta ce, "Zai shigo?"

"Zai shigo."

"Zai zauna?"

"Wataƙila."

"To, ai baƙo ne."

Na durƙusa na yi mata bayani dalla-dalla, na ce in ya ga daula ba za su ba ni ɗakin ba. Ta dube ni ta ce, "Halas, shi ke nan, na ji. Ko cokali ba zan aro ba." Kuma ta cika alkawari, ba ta ari komai ba. Illa dai da ta je ɗiban ruwa a famfon unguwa, ta faɗa wa gwaggon nan ta Sudan cewa babban malami zai zo ganin ɗanta. Ina laifinta? Wace uwa ce za ta iya haɗiye wannan?

Ranar Alhamis na dawo da azahar, tun daga bakin layi na ji ƙamshin turaren wuta. An share ƙofar gida an yayyafa ruwa. Da na leƙa ɗaki, ga darduma ja malale daga bango zuwa bango, ga matasai, ga rediyo an yafa masa farin ƙyalle. Mai shago ya jawo waya ta kan katanga, fanka tana ta juya kai dama da hagu. Telan layinmu ya sauke kekensa ya kawo teburin, aka jera littattafaina a kai, har da kujera. Katifunmu da tabarmi da ƙannena shida duk an kwashe su zuwa maƙwabta. An rufe ƙofar sandaƙa da labule mai furanni.

Hajiya mai turare tana tsaye tana ba da umarni. Na ce, "Hajiya, don girman Allah a kwashe kayan nan, ba irin wannan baƙon ba ne."

Ta ce, "Ya waladi, ɗana, aib, abin kunya ne. Mutumin hukuma zai shigo gidan ubanka, mu bar shi ya zauna a ƙasa muna raye? Ba mutuncinku kaɗai ba ne, na layin ne gaba ɗaya. Yalla, maza je ka sauya riga."

Na nemi Inna da ido, tana tsugune a bakin murhu, ta ƙi ɗagowa. Na kama bakin dardumar zan naɗe, sai ga Baba ya shigo cikin farar riga, ya yi wanka, ya bar tukuba a rufe, abin da ko ranar Idi ba ya yi. Ya dubi ɗakin, fuskarsa ta washe. Na saki dardumar.

Ustaz ya iso kan lokaci. Baba ya tare shi da ahlan wa sahlan, ya zaunar da shi a gaban fanka. Aka kawo shayi da dabino, aka biyo da tsire na musamman, tsoka zalla. Da Larabci suka yi maganar, ni ina rakuɓe a bakin ƙofa.

Ustaz ya ce, "Ya ammi," wato baffana, "gidan yana isarku?"

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, har da saura."

"Sana'a fa, tana riƙe iyali?"

"Allah bai taɓa barinmu da yunwa ba."

"A ina yaron yake karatu?"

Baba ya nuna teburin tela da hannu biyu.

Baba bai ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba. A wurinsa, idan aka tambayi mutum halinsa, amsa ɗaya ce, ko da wuta ke cin gefen rigarsa. Ban taɓa jin ya amsa gaisuwa da wani abu ban da godiya ba, har ranar da aka ɗauko shi daga tashar jirgi a kan katako.

Da ustaz zai tashi, ya juyo gare ni ya ce, "Kai kana da abin da za ka ƙara?" Labulen sandaƙa yana nan kusa da hannuna, ja ɗaya ya isa. Amma Baba yana kallona yana murmushi, mata kuma sun yi tsit a bayan katanga suna saurare. In ce darduma ba tamu ba ce, daidai yake da in tuɓe wa ubana riga a gaban baƙo. Har yau ban ga ɗan da zai iya ba. Na ce babu.

Kafin magariba kowa ya zo ya ɗauki nasa. Hajiya ta shafa kaina ta ce mun fita kunya. Aka dawo da katifu da yara, ɗaki ya koma yadda yake, sai ƙamshin turare da ya maƙale a bango.

Mako na zagayowa aka ce ban samu ba. Na je ofishin ustaz, na rufe ƙofa, na zayyana masa komai, tun daga darduma har teburin tela. Bai yi mamaki ba. Ya cire tabarau ya ce ya ga wayar da ta tsallako katanga, ya kuma ga sawun keken ɗinki a kan teburin. Amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, kwamiti ne, su kuma abin da mai gida ya faɗa suke bi. Ya ce, "Ka kawo mini shi. Ya ce mini gidan ba ya isa, kalma ɗaya, ni zan yi sauran. Gadon nan zan riƙe maka shi zuwa ƙarshen wata, bayan nan ba hannuna."

Na kwana biyu ina juya maganar kafin na iya faɗa. A bakin tukuba na same shi yana soka nama a tsinke, kafin masu saye su fara zuwa. Na ce, "Baba, sun hana ni ɗakin. Sun ce mu masu hali ne." Ya yi 'yar dariya, har da jin daɗi a ciki. Sai na ce, "In ban samu ba, korata za su yi." Hannunsa ya tsaya. Ashe duk tsawon lokacin nan ya ɗauka ziyarar girmamawa ce aka kawo masa saboda ɗansa ya yi ƙoƙari. Na faɗa masa abin da ustaz yake so ya ji. Ya ajiye tsinken, ya ce, "Shi ke nan? In ce ba ya isa? To, mu je."

Da safen da za mu tafi, labari ya riga ya zaga. Mai shago ya aiko da alkyabbarsa mai bakin zinariya don Baba ya yafa. Wannan karon na tsaya kai da fata, na ce da rigar aiki za shi. Ya sa ta, mai tabon mai da ƙaurin hayaƙi, ya bi ni a baya kansa a ƙasa. A cikin mota ina jin yana maimaita maganar a hankali da Larabci, kamar ɗalibi mai bitar hadda. Tausayinsa ya kama ni har na so in ce mu koma, amma na tuna farin ɗakin nan na fasa.

Ustaz ya miƙe ya tarbe shi, ya ba shi kujera. Akwai wani dattijo ɗan kwamiti a zaune, da magatakarda riƙe da alƙalami. Ustaz ya sauƙaƙa tambayar iyakar iyawarsa. Ya ce, "Ya ammi, ɗanka ya ce kun yi yawa a gidan, ba shi da wurin karatu. Haka ne?"

Ko kai Baba ya gyaɗa, ya wadatar. Na ga ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya buɗe baki. Ya dubi dattijon, ya dubi alƙalamin, ya dubi rigar jikinsa.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Muna cikin rufin asirin Allah."

Ustaz ya sake tambaya ta wata hanyar. Baba ya ce yara dai akwai su, Allah ya raya su, kuma wuri ba ya yi wa mutum da 'ya'yansa kaɗan. Dattijon ya ce ma sha Allah, ya yaba masa, ya ce irinsa sun yi ƙaranci. Magatakarda ya rubuta. Ustaz bai ƙara kallona ba, ni ma ban kalle shi ba.

Ƙarshen wata aka ba wani gadon. Na ci gaba da hawa mota biyu har jarrabawa ta zo ta tafi da ni, daga nan na samu aikin lodi a wani sito a unguwar masana'antu ta garin. Amma ba ranar sallamar ce ta fi tsaya mini a rai ba, komawarmu gida daga ofishin ce. Mun samu kujera ɗaya a bayan mota, muka matsu. Na sunkuyar da kai, ina tsoron abin da zai fito daga bakina. Mun wuce tsakiyar gari, har an fara hango teku, sai na ji ya dafa gwiwata. Bai dube ni ba, taga yake kallo.

Ya ce, "Wallahi na yi niyya. Tun daga gida nake riƙe da ita. Bakin ne ya ƙi."

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce, "In mun sake komawa, wataƙila in iya."

Mu duka biyu mun san ba zai iya ba. Na ce to.