Shekara Biyu Ina Gaida Mahaifiyata Ta Taga

A wancan lokacin ni ne shugaban masu haƙar yashi a wani mashigi na kogin Wudil, kuma mutum ne ni mai alfahari da cewa magana ɗaya gare ni. Gine-gine sun yawaita, tifa na shiga tifa na fita, magidanta da yawa da wannan yashin suke ciyar da iyalansu. Dab da inda muke haƙa akwai lambun yayana, gadon mahaifinmu, da bishiyoyin mangwaron da marigayin ya dasa da hannunsa. Duk damina gaɓa sai ta zabtare, har wata shekara ruwa ya tafi da bishiya biyu. Yayana ya kai ƙara wurin dagaci, aka dakatar da mu. Yau na san yana da gaskiya, ni ma ina da tawa. A lokacin kuwa ban ga komai ba sai cewa ya kunyata ni a gaban yaran aikina.

Dattawa suka zaunar da mu, suka ce mu matsa ƙasa kaɗan da haƙar, shi kuma ya buɗe mana hanyar mota ta gefen lambun. Yayana ya amince nan take. Ni kuwa da na waiwaya na ga mutanena sun zuba mini ido, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce ba na son hanyarsa, na kuma rantse da Allah ƙafata ba za ta sake taka gidansa ba. Sai da na fito daga zaman na tuna a gidan nasa mahaifiyarmu take zaune.

Maimakon in janye, sai na ƙirƙiro dabara. Kowace Juma'a in zagaya bayan gida, in tsaya jikin tagar ɗakinta in gaishe ta, in miƙa mata goro. Takan ce ita ba murya ta haifa ba, mutum ta haifa, in shigo ta gan ni. Sai in yi dariya in ce rantsuwa ba abin wasa ba ce. Ta yi nasiha, ta yi faɗa, ta yi kuka, na yi kunnen uwar shegu. Haka muka shafe shekara biyu, ni a ganina ma riƙon addini nake yi.

Da ciwo ya kwantar da ita, yayana da kansa, da furfurarsa, ya tako har bakin kogi. Ya ce tana ta kiran sunana, in kuwa ganinsa ne ba na so, zai bar gidan har in gama in fita. Na ce ko ya fita gida dai nasa ne, idan ta ji sauƙi a kawo ta wurina in yi jinyarta. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya. Kwana biyu bayan haka, muna tsakiyar loda mota da hantsi, aka kira ni a waya aka ce jikinta ya tsananta. Ban san lokacin da na faɗa gidan da gudu ba, har tsakar ɗakinta. Babu wanda ya tare ni, babu abin da ya same ni. Na tarar an riga an rufe mata fuska.

Bayan sadakar uku na tambayi limaminmu hukuncin rantsuwar da na karya. Ya ce in ciyar da miskinai goma, abin da na sani tun ina yaro. Matata ta dafa a tukunya ɗaya, kafin azahar an gama rabawa. Na zauna a zaure na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Yanzu muna haƙa a daidai wurin da dattawa suka nuna tun farko, muna kuma gaisawa da yayana, amma har yau ba na iya haɗa ido da shi. Na gane cewa rigimar da kowa ke da gaskiya a cikinta ta fi kowace haɗari, domin babu mai jin ya kamata ya sassauta, kuma wanda ke tsakiya shi ke shan wahalar. Ɗan'uwa mai karatu, idan an miƙo maka sulhu ka karɓa ko da rabin haƙƙinka ne, kada ka fake da sunan Allah kana kare girman kanka. Rantsuwa tana da kaffara. Uwar da ta tafi tana kiranka ba ka amsa ba, wannan ban samu malamin da ya gaya mini kaffararsa ba.