Gari a Ƙarƙashin Jeren Inna

Mai ƙore na kasuwar Gazawa ya cuce ni, kuma ban yafe ba. Da kaka ya sayar mini da ƙwarya da araha, yana rantsuwa lafiyayya ce. Na gasa wuƙa na zane ta tsaf, na ɗora ta bisa ƙoren jeren da Inna ta rasu ta bar mini.

Ina shara wata la'asar, sai ga gari mai laushi ƙarƙashin jeren, kamar an tankaɗe. Na kara sabuwar a kunne, na ji ƙwaro yana ci a hankali. Ta Inna da ke ƙasanta har ta fara ƙananan ramuka.

Da safe na jefa sabuwar cikin murhu, ita da zanenta, na turara na Inna da hayaƙinta.